Tambarin Jif ɗin Baba

Da Baba ya rasu aka zo rabon gado, komai ya rabu lafiya sai mota. An auna gonaki da igiya, an kasa shanu, an kasa hatsin rumbu, amma da aka iso kan tsohuwar jif ɗin da ke kwance gindin darbejiya a ƙofar gida, sai malamin rabo ya sosa ƙeya ya ce a bar mana ita mu biyu, ni da yayana, mu daidaita tsakaninmu. Malamin nan bai san mu ba. Ni da Yaya ko a kan ƙwaryar fura ba mu taɓa daidaitawa ba.

Motar ta girme ni. A gwanjo Baba ya saye ta, bayan ma'aikatan auduga na Funtuwa sun gaji da ita, ya shiga jigilar auduga da dawa daga ƙauyukan bayan garinmu Dayi, inda babu hanya sai burtali. In damina ta zauna manyan motoci suka kafe a laka, ita ce mai shiga. Ta ɗauko masu naƙuda daga unguwannin Maguzawa zuwa asibiti, ta ɗauko amare, ta ɗauko gawa. Da ciwon ƙafa ya hana Baba tuƙi sai ta zauna wuri guda, tayoyi suka sace, kaji suka mai da kujerar gaba wurin yin ƙwai.

Yaya so yake a yanka ta. Jikin irin waɗannan motoci ba baƙin ƙarfe ba ne, dalma ce, farin ƙarfen nan mara nauyi da ba ya tsatsa, kuma masu zubin tukwane ba su da abin so kamarsa. Tun ba a yi sadakar arba'in ba ya kawo wani maƙeri daga Funtuwa, ya zagaya ta yana ƙwanƙwasa ƙofofi kamar mai tayin saniya. Ranar ba na nan, ina shagona na taki a Malumfashi. Da labari ya iske ni ban ko rufe shagon da kyau ba na hau babur.

A zaure na same shi yana gyaran igiya. Na ce, "Yaya, motar Baba za ka kai a narkar?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Motar kaji dai."

"Ko ƙasar kabarinsa ba ta bushe ba."

"To kai da kake son ta, ina kake shekarun da take ruɓewa a nan? Ni ke share mata kashin kaji. Kai sai dai ka zo ran Sallah ka shafa ta ka koma."

Na faɗa masa maganganun da ba a faɗa wa babba, shi ma ya mayar mini da waɗanda suka fi su. Sai da baffanmu, ƙanin Baba, ya shigo da sandarsa sannan muka yi shiru. Shi ya yanke hukunci. In na tada motar ta shigo ƙofar gida da ƙafarta kafin a karya masara, ta zama tawa, in bar wa Yaya 'yar fadamar da ta faɗo a rabona. In na kasa, a kira maƙera. Yaya ya yi dariya ya ce ya yarda. A ganinsa ko ta ina ya ci, kuma da gaskiyarsa, abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

Cikin 'yan gidanmu babu wanda ya taya ni jan ta. Wani tsohon Bamaguje, abokin Baba tun zamanin auduga, shi ya aiko da shanun huɗarsa aka ja ta zuwa bakin titi. A nan, ina ɗaura igiya a gabanta, na ga tambarinta ba ya nan. Ramukan ƙusa kawai suka rage, da inuwarsa a jikin fenti.

Tambarin ba wani babban abu ba ne. Faranti ne na dalma mai siffar ƙwai, bai fi tafin hannu ba, bayansa baƙi, sunan masu ƙera motar ya fito a kansa da manyan baƙaƙe. Amma a kansa na fara sanin harafin boko, ina bin su da yatsa ina jiran Baba ya fito. Kuma Baba, wanda bai taɓa wanke motar nan ba sai dai ruwan sama ya wanke ta, duk Juma'a sai ya tsuguna da lemun tsami da toka ya goge tambarin nan. Ya ce mota in ba ta da shi, amalanke ce.

Ban sha wahalar nema ba. Yaya ya ɓamɓare shi da bakin adda, ya kafe shi da ƙusoshi a gindin ƙofar sito, ya toshe ramin ɓera da shi. Na tsaya ina kallonsa a wurin. Na ɗauko adda na fara cire shi sai ga Yaya ya fito.

Ya ce, "Har masara ta nuna, rabin motar nan nawa ne. Na ɗauki rabona na yi amfani da shi."

Na ce, "Ramin ɓera, Yaya?"

"Ya fi amfani a nan. Ɓera bai ƙara shiga ba."

Na cire shi na sa a aljihu na fita, ban ce masa sai an jima ba.

Damina ta ƙare mini a garejin wani bakanike a Malumfashi. Ba zan ja labarin ba. An sauke inji, an wanke tanki, an ɗinke lagireto, an nemo kayan giya daga wata gawar mota a Dandume. Duk ranar kasuwa sai wani ya zo shago ya gaya mini abin da Yaya ke faɗi a majalisa, wai na haukace, wai ina binne dukiyar 'ya'yana a cikin akurki. Ina jin su ina auna musu taki. Masara na fara bushe gemu injin ya yi tari ya kama, hayaƙi ya turnuƙe garejin, ni kuwa na zauna a kan wata taya na yi kuka ba kunya.

Sai tambari ya rage. Na rantse ba zan shigar da ita gida ba sai da shi, don in Yaya ya ga ramukan nan biyu a gabanta zai ce ai da sauran abinsa a jiki. Amma tambarin ya ji jiki. Adda ta lanƙwasa gefensa, ƙusoshi sun huda shi, tsaga ta ratsa ta tsakiyar rubutun. Mai walda ya juya shi ya ce wutarsa za ta cinye shi, in kai wa masu zubin tukwane a Funtuwa, su suka san halin dalma.

Na tafi ranar wata Juma'a da hantsi. Rumfunansu na bayan kasuwa, baƙi ƙirin da hayaƙin gawayi, tukwane sababbi jere a rana suna ɗaukar ido. Aka nuna mini babbansu, wani dattijo mai ƙunar wuta a dantse. Ya karɓi tambarin ya duba gaba da baya, ya ce ba ya ɗinkuwa, sai dai zubi. Zai miƙar da shi, ya cike tsagar da hudojin da kakin zuma, ya danna shi a cikin ƙasar zubi ya bar siffarsa, sannan ya kwarara narkakkiyar dalma a gurbin. Sabo zai fito, harafi bai ɓace ba.

Shawarar ta kwanta mini. Na ce a raina sabon ya hau mota ya sha rana da laka, na Baba kuwa in naɗe shi in ajiye a akwati. Na tsaya har na ga ya danna shi a ƙasa ya ɗaga, rubutun ya fito a juye, tsaf. Aka kira salla na tafi masallaci, daga nan na biya wajen masu fenti na sayi baƙi ɗan gwangwani.

Da na dawo dattijon ya miƙo mini sabon da ɗuminsa, ya goge shi da yashi yana walƙiya. Wallahi aikin ya yi kyau, ba zan hana shi wannan ba. Na yaba, na sa a aljihu, na miƙa hannu na ce, "Sai tsohon."

Ya dube ni. Ya ce, "Wane tsoho, Alhaji?"

"Wanda na kawo."

"Ai yana ciki."

"Cikin mi?"

Ya nuna kaskon narki da haɓa. "Haka muke yi. Wanda duk ya kawo tsohuwar tukunya a zuba mashi sabuwa, tsohuwar ita ke fara shiga wuta. Mi za ka yi da fasasshe?"

Ban gane ba da farko, ko kuwa na ƙi ganewa. Na ce ya ciro mini shi. Ya yi murmushi irin na wanda ke lallashin mara lafiya, ya ce ai ya zama ruwa tun ina masallaci. Kuma ba don ɗan tambarina kaɗai za su hura wuta ba, a narki guda aka haɗa shi da tarkacen gwangwani da murafun inji. Abin da ya cika gurbina ya cika, sauran aka zuba tukwane da ludaya. Ya nuna mini su a ƙasa, suna hucewa, ko wace da 'yar'uwarta kamar an tsaga kara.

Abin da na yi a rumfar nan ba na alfahari da shi, amma kuma ban yi nadama ba. Na kira shi ɓarawo, na kira shi mara imani, na shure jeren ludaya suka watse. Maƙera suka taso da guduma a hannu, ba don su buge ni ba, don dai a hannunsu take. Shi kuwa dattijon ko gezau. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne da gaske bai ga laifinsa ba. Ya ce tun kakansa haka ake yi, ba wanda ya taɓa zuwa neman tsohuwar tukunyarsa, kuma ni ban ce a ajiye mini ba. Na ce wa zai yi tunanin sai ya faɗa? Ya ce wa zai yi tunanin ana son tsoho bayan ga sabo?

Ina juyawa zan tafi ya ce, "Wai ba na jif ɗin nan ba ne ta wajen Dayi, mai kwana gindin darbejiya? Ni na je na gan ta. Dalmarta mai kyau ce. In kun shirya ina nan."

Ashe shi ne maƙerin da Yaya ya kawo. Duk rumfunan Funtuwa, da ƙafata na kai kaina wurinsa.

Na shafa wa sabon baƙin fenti, na kankare kan haruffan suka fito fari, bakanike ya kafa shi a gurbinsa. Duk wanda ya gani a garejin sai ya ce kamar yau ta fito daga kamfani. Ni ko kallonsa ba na son yi. Na ja kunnen kowa kada maganar ta fita, kamar akwai maganar da ke kwana a Funtuwa ba ta iso Dayi ba.

Ranar da na shigo da ita ana gobe za a fara karyar masara, unguwa ta fito. Mata na leƙe ta kan danga, Baffa ya zagaya ta da sandarsa yana ta salati, ya ce magana ta ƙare, mota tawa ce, fadama ta Yaya. Na ci. Na tsaya jikin ƙofarta ina jiran in ga fuskar Yaya.

Ya fito daga zaure a hankali, da wata 'yar sabuwar tukunya a hannu. Ya tsuguna gaban motar ya daɗe yana duban tambarin, bai taɓa shi ba. Sannan ya miƙe ya ce, yadda kowa zai ji, "Ni aka ce zan kai motar Baba wuta. To ga wanda ya fara kai ta."

Na ce, "Yaya, ka kiyaye ni."

Ya ɗaga tukunyar. "Na je Funtuwa na sayo rabona. Maƙerin ya ce daga narkin nan ta fito. Kai ka riƙe naka, ni na riƙe nawa."

Ya juya ya shige. Da Baffa bai riƙe mini riga ba, da ranar an yi abin kunya a ƙofar gidanmu.

Motar tana wurina a Malumfashi, ina kai taki ƙauyuka da ita, kuma har yanzu ba ta san kafewa ba. Yaya yana noman fadamarsa. In mun haɗu a jana'iza ko suna, ko wane ya nemi tabarmarsa daban. Ni na ce don ya ƙona mini rai ya sayo tukunyar nan, kuma har gobe haka zan ce. Amma matarsa ta gaya wa matata cewa a ɗakinsa take, a saman kabad, kuma ran da ta ɗauko za ta dafa miya a ciki saura kaɗan ya kore ta gidansu. Bai yarda an ƙara kai ta kusa da wuta ba. Na ji, kuma ban je na gaishe shi ba.