Takalmin Birkin da Ya Cinye

Yayana ba ya tambaya sau biyu, ta farkon ma yawanci da hannu yake yin ta. Da Baba ya rasu ya bar mana gona da wata tsohuwar akori-kura, sai ya zamana Yaya ke jigilar buhunan gero da gyaɗa zuwa kasuwar Tsanyawa, ni kuwa ina koyarwa a firamaren ƙauyenmu. Da yake na fi shi shiga Kano, kafin damina ta sauka ya ba ni motar ya ce in canzo takalman birkin gaba. Na je na canzo, sababbi fil, a gabana aka yage ledarsu.

Bayan an cire gyaɗa, wata safiya ya ɗauko kaya ya zo gangaren bakin gari ya taka birki. Motar ta yi wani ƙara kamar ana wasa wuƙa, ta fizge sitiyari daga hannunsa, ta kwashe akuyar maƙwabcinmu ta matse ta da darbejiya. Akuyar tana da ciki. Da ƙyar aka samu aka yanka ta, hanjinta a ƙasa.

Aka turo motar ƙofar gida, jama'a na biye. Yaya ya sa jak ya cire tayar dama, ya ƙwala mini kira. Kowace taya takalma biyu gare ta, na ciki da na waje, su ne suke matse faifan ƙarfe idan an taka birki. Ya zaro su ya dangwarar a gabana. Na waje da kaurinsa kamar jiya aka sa shi. Na ciki ya cinye tas, sai ƙarfe tsurarsa.

"Ɗaya ka saya," in ji shi. "Ka bar mini tsoho a ciki, inda ido ba ya gani. Ɓarawo!"

"Yaya, wallahi a gabana..."

Ban ƙarasa ba ya kwaɗa mini mari. Ya rarumo wani tsohon bel na inji ya shiga zabga mini, baya, wuya, fuska, duk inda ya samu. Na kare da hannu, sai ya jefar da bel ɗin ya ɗauki sifanan da ya kwance taya, ya sauke mini shi a gefen kai, daidai kunnen hagu. Na ji wani abu ya fashe a ciki, na faɗi, jini mai ɗumi yana bin wuyana. An ce ciki da gaskiya wuƙa ba ta huda shi, amma ba a ce komai a kan sifana ba. Ban rama ba. A gidanmu ba a ɗaga wa babba hannu, ko da gemunka ya fara furfura. Matata tana ihu daga zaure. Inna, mahaifiyarmu, ta fito ko mayafi babu ta faɗa a kaina, ta ce sai dai ya haɗa da ita. Shi ne ya tsaya yana huci.

Dukan bai ci raina kamar kalmar ba. Iyayen yaran da nake koyarwa suna tsaye suka ji an kira ni ɓarawo, kuma daga bakin ɗan uwana uwa ɗaya uba ɗaya. Na yi fushi irin wanda ban taɓa yi ba.

Da na ɗan farfaɗo na dawo daga asibiti, da auduga a kunnena, na hau acaɓa na je Tsanyawa na ɗauko bakanike. Ban gaya masa komai ba. Na ce a ƙofar gida za a buɗe, inda aka zage ni.

Ya juya takalman biyu a hannu, sannan ya kama gidan ƙarfen da yake riƙe su. Gidan nan a kan ƙusa biyu yake zamewa, don matsin ya zo daidai ciki da waje. Ƙusa ɗaya ta zaro salin-alin. Ɗayar ta ƙi. Ya zuba mata kananzir, ya yi ta bugu da guduma, da ƙyar ta fito jajir da tsatsa da busasshen taɓo, robar da ke rufe ta a yage.

"Wa yake wanke motar nan a kududdufi?" in ji bakanike.

Kowa ya juya ya kalli Yaya. Duk direbobin yankinmu haka suke yi da damina, a kutsa mota cikin ruwa har ya shanye taya, a yi ta watsa mata bokiti.

"To shi ne," in ji bakanike. "Ƙusa ta kame, na ciki kaɗai ke cin faifai. Ko na zinare aka sa, haka zai ƙare."

Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, sai dai a nan ni ya doka. Bakanike ya goge ƙusar da samfefa har ta yi ƙyalli, ya shafe ta da giris, ya sa sabuwar roba, ya ce a canza takalman tayoyin gaba duka, faifan kuma a kai Kano a goge zanen da ƙarfe ya yi masa.

Bayan la'asar ina zaune a zaure Yaya ya shigo. Bai taɓa bai wa kowa haƙuri ba a sanina. Ya zauna a tabarma ta hagu da ni, kansa a ƙasa, ya fara magana a hankali don kada na cikin gida su ji. A asibiti an riga an gaya mini dodon kunnena na hagu ya fashe, ba ya ji, ban faɗa wa kowa ba saboda Inna. Ina kallon leɓɓansa suna motsi, hawaye na gangarowa cikin gemunsa. Ya daɗe yana yi. Da na ga ya tsaya, na ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Yaya."

Har yau ban san abin da ya ce ba.