Thia Matia, Mai Sanin Sunan Kowane Dutse

Ƙarfe shida na safe, kafin rana ta fara gasa Coober Pedy, garin mahaƙa da ke tsakiyar hamada, Stamatia Vlachou takan fito daga gidanta da aka haƙa cikin tudu, ta ɗora kofi, ta buɗe shago. Ta kunna fitila, ta saki ruwa yana ɗiga bisa faifan gurza, ta zauna. Yau shekara arba'in da uku ke nan. Kowa Thia Matia yake ce mata, wato goggo a harshen iyayenta Girkawa, har waɗanda suka girme ta.

Aikinta gyaran opal, wani dutsen ado mai tsada. A kawo mata shi da ƙasarsa daga rami, ta gurje, ta fitar masa da siffa, ta goge har ya ɗauki ido. Amma mu mahaƙa, farantinta muka fi tunawa. Duk baƙon da ya zo neman arziki sai ta zaunar da shi gaban wani faranti mai cike da duwatsu. Ni ma na zauna, lokacin Turancina bai wuce na gaisuwa ba.

Ta ɗaga ɗaya. "Mene ne wannan?"

Na ce, "Opal."

"Kai ma ai mutum ne, amma kana da suna. Wannan potch ne, opal ɗin da Allah bai ba shi launi ba. Wannan fari-fat, madara. Wannan da kake hango yatsanka ta cikinsa, kiristal. Jan nan da ke motsi in ka juya shi, wuta muke ce masa, shi ne sarki. Maimaita! In ka je gaban mai saye ba ka san sunan abin da ke hannunka ba, shi zai raɗa masa suna, kuma ba zai raɗa mai tsada ba."

Ba ta taɓa karɓar ko sisi kan wannan karatu ba.

Ga abin da ya faru da Zoltan Berkes, mutumin Hangari, kuma rabin gari shaida ne. Shekara goma sha ɗaya yana haƙa, bai samu abin kirki ba. Ƙura ta kama ƙirjin matarsa Erzsi, ya sayar da injin ɗaga ƙasarsa, suka ɗaure kaya za su koma birnin Adelaide. Ranar tafiya ya biya shagon da bokiti ɗaya.

"Thia, ga tsarabar ban kwana. Potch ne zalla. Ki zuba wa furanninki."

Bayan ya fita ta juye bokitin cikin ruwa, domin ba ta yanke wa dutse hukunci sai ta jiƙa shi. Can ƙasa ta ga wani dunƙule mai siffar kwanson teku, ƙasa ta lulluɓe shi. Ta kai gefensa bakin faifai, ta gurza kaɗan. Sai ja ya tashi, kore na bin bayansa.

Ita kaɗai ce a shagon. Kyauta aka ba ta. Da ta yi shiru, babu mahalukin da zai sani.

Ko ƙofa ba ta rufe ba. Ta faɗa tsohuwar motarta, ta cim masa a gidan mai yana cika tanki. Muna wurin mu biyar. Ta fito da rigar aikinta jiƙe, tana ɗaga murya.

"Zoltan! Idanu gare ka ko maɓallai?"

Ta tsoma dutsen cikin kofin ruwan wani direba, ta ɗaga shi a rana. Erzsi ta dafe baki.

Zoltan ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Na riga na ba ki, Thia. Naki ne."

"Potch ka ce ka ba ni. Wannan ba potch ba ne, saboda haka ba shi ka ba ni ba. Daga wane lungu na raminka ya fito?"

"Lungun arewa, inda na tsaya."

"Ka cire turakun da ke shaida filin naka ne?"

"Ban cire ba."

"To juya motar nan, jaki kawai! Kwanso ba ya kwana shi kaɗai."

Erzsi ce ta karɓe makullin daga hannunsa, ta juya motar da kanta. Muka ara masa inji, mutum huɗu muka sauka tare da shi. Rana ta uku, bai fi kamu biyu daga inda ya ajiye diga ba, bango ya buɗe: kwansuna jere, ja da kore suna rawa a hasken fitila. Zoltan, ƙaton da ba mu taɓa jin ya yi waƙa ba, ya zauna a ƙasa yana rera wata da harshensu, hawaye na wanke masa ƙura. Erzsi ta samu likitan da take buƙata. Da suka kawo wa Thia kaso, ta ture. Ta ce ladan gyara kawai za ta karɓa, sai kek ɗin Erzsi kowace Kirsimeti. Har bara ana kawowa.

Thia Matia, ke ce fitilar sabon shiga. Ke ce kika sa bakin Sabiyawa da Italiyawa da 'yan ƙasa ya zama ɗaya a bakin rami. Duwatsun da kika goge suna wuyan mutanen da ba su taɓa jin sunanki ba, amma mu mun sani.

Asabar mai zuwa za ta kashe faifanta, idanu sun gaji. Mun gode, Thia, Allah ya ƙara lafiya. Ku kuma da kuka san wani abu a wannan sana'a, kada ku tafi da shi kabari. Gobe wani baƙo zai sauka daga bas bai san komai ba. Ku ja masa kujera.