Na Zaɓi Gari A Ranar Kasuwarsa

Assalamu alaikum masu karatu. Ni 'yar Maraɗi ce, kuma lokacin da abin nan ya faru na shekara goma sha ɗaya a garin Greensboro na ƙasar Amirka. Ina da ɗan shagon kitso a gabashin gari kusa da jami'a, ɗalibai mata suna bin layi tun daga ranar Alhamis. Mijina direban babbar mota ne, yakan yi kwana uku ko huɗu a hanya. Mahaifiyata, wadda muke kira Inna, ta zo mini wankan jegon 'yata ta biyu, daga nan ta zauna tare da mu. Ban rasa komai ba, sai dai ni mace ce mai saurin gundura, kuma mutanenmu sun ishe ni. Asabar suna, Lahadi gaisuwar mutuwa, wani makon walima. Ka sayi labule, kafin ka rataya shi an san launinsa a gida goma. Gidanmu kuwa ya zama tasha, saboda Inna tana da wata ɗabi'a tun muna gida: duk girkin da za ta yi sai ta ƙara gwangwani ɗaya, ta zuba a wani kwanon samira ta rufe, ta ce rabon baƙo ne. A Greensboro kwanon nan bai taɓa kwana da abinci ba.

Wata shekara Babbar Sallah ta faɗo tsakiyar zafi, yara suna hutu, muka ce mu ma bari mu je mu ga tekun nan da ake ta ba mu labari. Muka kwana biyu a Wilmington, sannan muka gangara Myrtle Beach muka kwana uku, tsakaninsu bai fi tuƙin awa ɗaya da rabi ba. Wilmington bai burge ni ba ko kaɗan. Tsofaffin gidaje, manyan itatuwa, da wata hanyar katako a bakin kogi da mutane ke tafiya a kai kamar ba su da wurin zuwa. Tekun ma sai ka sake shiga mota kafin ka gan shi. Na ce wa mijina wannan ai garin 'yan fansho ne. Myrtle Beach kuwa tun daga nesa ya tafi da ni: dogayen otel-otel a bakin ruwa, fitilu, wani ƙaton lilo mai juyawa har sama, ga jama'a kamar an juye su daga buhu. Amma ni ba ruwan nake kallo ba, kawunan mata nake kallo, don kowa da abin da ya kai shi kasuwa. Duk inda na juya sabon kitso ne, tsaf, bai fi kwana uku ba. Har na haɗu da wata da ni na yi mata nata a Greensboro makon da ya wuce, muka rungumi juna muna dariya. Da ina da hankali da a nan na gane cewa kowace a garinsu ta yi kitsonta kafin ta taho hutu.

Muna dawowa na kafa naci sai mun koma can da zama. Mijina ya ce in dai tashi ya zama dole to gara Wilmington, domin akwai tashar jiragen ruwa inda zai riƙa samun lodi, akwai jami'a da ɗalibai, kuma hanya miƙaƙƙiya ce zuwa Greensboro. Inna ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Ta ce a can gida mai son sanin gari ba ya zuwa ranar kasuwa, yakan koma washegari ya ga su wa suka rage a rumfuna. Na ce mata nan Amirka ce, ba ƙauyen bayan Maraɗi ba. Wata biyu ina fushi ina kumbure-kumbure har mijina ya gaji ya sallama. Abin da ya fi muni shi ne yadda na tashi. Akwai wata dattijuwa 'yar Damagaram, Hajiyar da ta sauke ni a gidanta lokacin da na zo ƙasar nan da akwati ɗaya, ita ta nuna mini inda ake sayen gashin kitso. A al'adarmu ko unguwa za ka canja sai ka bi gida-gida ka yi sallama, balle gidanta. Na san za ta hana ni, sai na ƙi zuwa, na kuma hana Inna da cewa za mu dawo mu yi daga baya. Sai da muka sauke kaya na tura mata saƙon murya. Ta amsa da cewa Allah ya sa alheri, ba ta ƙara ko kalma ɗaya ba.

Ana komawa makaranta garin ya sace kamar tayar keke. Kafin sanyi ya shigo sosai shaguna da yawa a bakin ruwa sun ja ƙofa, ni kuma ina zaune ina korar ƙuda, wani makon kai biyu, wani makon babu. Ashe kallon kitse na yi wa rogo. Dole na nemi aikin gyaran ɗakuna a wani otel, kuma a nan na ga abin da fitilu suke rufewa. Hannun da mata ke jira tun safe shi ya koma kwasar amai a kan kafet, da kwalaben giya a cikin bahon wanka, da ƙunzugun jarirai da aka cusa ƙarƙashin gado, da wasu abubuwan da bakina ba zai iya faɗa ba. Gidan da muka kama kuma danshi ya ci bangonsa, atamfofin Inna suka yi warin ruma a cikin akwati, daddawar da aka aiko mata ta yi furfura, ga wasu kyankyasai manya masu tashi sama. Masallaci akwai, mutanen kirki ne, amma ba mu sami ko mutum ɗaya da Inna za ta gaisa da shi da Hausa ba.

Duk da haka ba ta daina ƙara gwangwanin nan ba. Kullum ta zuba ta rufe, ta zauna kusa da taga. Kullum da yamma ni nake juye shi a shara, wata bakwai cur. Wata rana na dawo jikina yana warin sabulun banɗaki, na buɗe kwanon na ga shinkafa da wake sun sandare, sai raina ya ɓaci. Na ɗaga wa mahaifiyata murya. Na ce mata ta daina ɓarnar abinci, babu wanda zai zo, ko ta shekara a tagar nan babu mai yi mata sallama. Ta tashi ta wanke kwanon, ta kife shi a saman firji. Daga ranar ba ta sake shiga kicin ba, abincin ma sai ta taɓa ta ture.

Bayan mako biyu ta faɗi a banɗaki, ɓarin jikinta na dama ya shanye. Mijina yana hanya can wajen Texas, ni kaɗai na tsaya a asibiti da yara biyu. Shi ne ya kira wani abokinsa a Greensboro, ni kunya ta hana ni kiran kowa. Washegarin da aka sallamo mu, da azahar, na ji sallama a ƙofa. Mota uku ce, Hajiya da mata tara, sun yi tuƙin fiye da awa uku da kuloli a hannu. Hajiya ba ta ce mini komai kan tashin da na yi ba, ta wuce ta zauna a ƙasa ta riƙe hannun Inna. Can Inna ta yafuto ni, na kai kunne kusa da bakinta da ya karkace, da ƙyar na gane tambaya take ko akwai abin da za a ba baƙi. Babu komai a gidan sai burodi da madarar yara. Ta ɗaga ido ta dubi saman firji, sannan ta rufe idanunta. Baƙin da ta jira wata bakwai abincin da suka kawo suka ci a gidanta, kuma ban taɓa jin ƙyamar kaina kamar ranar ba.

Mun dawo Greensboro, muna wani ƙaramin gida a unguwar Glenwood. Shagona wata ta kama, a falo nake kitso yanzu. Likita ya ce hawan jini ne, kuma na san ciwo na Allah ne, amma na san abin da na faɗa mata. Masu tambayata wanne ya fi tsakanin garuruwan biyu, nakan ce Myrtle Beach ka je kwana uku ka dawo da hotuna. Wilmington kuwa ba ni da bakin magana, kwana biyu na yi masa na yanke masa hukunci, irin wautar da ta kai ni ɗayan. 'Yan'uwana mazauna ƙasashen waje, kafin ku tashi ku koma garin ranar da babu kasuwa, ku tambayi kanku wa zai yi wa tsofaffinku sallama a can, kuma kada ku bar inda kuke ba ku bi gida-gida ba, zumunta a ƙafa take. Inna ba ta iya girki yanzu, ni nake yi, tana kan keken marasa lafiya tana kallona. Ba ta taɓa tuna mini da maganar nan ba, amma ba ta ɗauke ido daga hannuna sai ta ga na ƙara gwangwanin.