Tafiyar Matar Alhaji Awudu

Alhaji Awudu, mai sayar da tayal a unguwar Nima, ya gina mutuncinsa a kan abu guda: ƙafar matarsa ba ta taka titi. Mahaifiyarsa ta tsufa tana tallar koko a lungunan Maamobi, shi kuwa bai taɓa yafe wa lungunan ba.

Da cikin matarsa Wadia ya tsufa, ungozomar asibiti ta auna jininta ta ga sukari ya hau. Ta yi wa Alhaji bayani dalla-dalla: sukarin uwa yana bi ta cibiya ya shiga ɗa, ɗan ya yi ƙibar da za ta wahalar da haihuwa, amma idan uwa tana motsa jiki, tsokarta za ta cinye sukarin kafin ya taru. Ta rufe da Hausarta ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji: "Alhaji, kullum in ya ci abinci, ya yi tafiya."

Kalmar tafiya tana da ma'ana biyu, Alhaji ya zaɓi wadda ta dace da hularsa. Ya ɗauki hayar tasi. Bayan tuwon rana sai a kai Wadia unguwar Madina, can gefen birni, a dawo da ita, tana kujerar baya da kwalbar lemo, wai kada ta galabaita.

"Alhaji, da ƙafa fa ta ce," in ji Wadia.

"Da ƙafa? Ke 'yar dako ne? Mutanen Nima su ce Awudu ya karye? Tafiya tafiya ne, Hajiya. Naki ma ya fi nisa."

Da ya yi tunani kaɗan, da ya tambayi kansa tsokar wa ke aiki a cikin tasi. Ta direba ce, direba kuwa ba shi da ciki.

Ɗan ya yi girman da sai da aka yi wa uwar aiki. Da aka yanke cibiya, jikin jaririn, da ya saba kokawa da sukari mai yawa, ya ci gaba da kokawa, sukarinsa ya faɗi, aka kai shi ɗakin jarirai ana ƙara masa ruwa. Alhaji yana waje a kan waya: "Ƙato ne, wallahi! Ka ga amfanin hutu?"

Washegari aka ce wa Wadia yaron ya farfaɗo, yana neman nono. Ta miƙe da ɗinki a ciki, tana dafa bango, ta nufi ɗakin da ƙafarta. Alhaji ya biyo ta yana kallon hagu da dama, kada wani ɗan Nima ya gani.