Gurbin Suna a Katin Lauratu

In ka tambayi matan Dukawuya abin da ya sa Malama Lauratu take yin kati, za su ce maka zaman banza ne ba ta so. In ita ka tambaya, cewa za ta yi sha'awa ce tun ƙuruciya. Duka biyun da ƙamshin gaskiya, amma ainihin dalilin ba ya cikinsu. Lauratu mace ce mai son ta riga kowa sani.

'Yar Fulanin Ƙofar Dawanau ce, irin waɗanda shanu suka ƙare musu tun zamanin kakanni amma kunya ba ta ƙare ba. Aure ne ya kawo ta Dukawuya gidan Malam Hammadu. Ta yi shekaru tana koyar da aikin hannu a firamare, har ranar da gwiwa ta ce ta gaji da tsayuwa gaban allo. Ta dawo gida da almakashinta da wata ɗabi'a ta ƙin jefar da takarda. Takardar naɗe kyauta, kwalin cikin shadda, mai ruwan gwal ɗin nan ta cikin kwalin turare, duk sai ta bi su da dutsen guga mai ɗumi-ɗumi ta jera a ƙarƙashin katifa. Malam Hammadu kan ce shi kaɗai ne magidanci a Kano da ke kwana a kan kantin takarda.

Da katin barka da sallah ta fara. Ta yanka farin kwali ta ninke, ta shafa gam, ta liƙa takarda mai furanni, sannan ta zaro hatimin roba daga tsohuwar samirar da take tara su, ta dangwala a soson tawada, ta ɗora ta danna da tafin hannu tana riƙe numfashi. In ta ɗaga ta ga rubutu ya fito fes, sai ta ce "Yauwa!" ita kaɗai. Ana cikin haka waya ta zo ta cinye kasuwar. Wa zai sayi kati alhali da danna yatsa ɗaya zai tura wa dangi kaf hoton rago? Sai Lauratu ta koma katin suna, wanda ake sakawa a kayan rabo na mata da yamma. A nan ta sami abin da ranta yake so.

Kowa ya san suna ba ya fita sai safiyar raɗi. Uba zai yi huɗuba a kunnen jariri ya ja bakinsa ya tsuke, wani lokaci ko mai jego ba ta sani ba. Amma kati dole suna ya hau kansa, hatimi kuma ba a sassaƙa shi a safiya ɗaya. Saboda haka uban jariri kan zo zaure, a yi masa iso, ya faɗa murya ƙasa-ƙasa ta bayan labule. Daga nan Lauratu ta zama ta biyu a duniya da ta sani. Sai ka ga gwaggwanni da kakanni suna sintiri a gidanta, wannan ta zo aron daddawa, waccan ta zo duba gwiwa, ido yana kan samira. Ba ta taɓa faɗa ba. Mutane suna yabon riƙon amanarta, ita kuwa ta san sirri in ka faɗa ya zama na kowa, daɗin ya tafi.

Abu ɗaya ne yake sukarta. A cikin samirar nan akwai Sa'ida, akwai Rukayya, akwai Mikail da Abdulmuttalib, wasu har roba ta lashe don yawan bugu. Babu Lauratu. Duk dangi da unguwa ba wanda ya taɓa yi mata takwara. In zancen ya taso sai ta yi dariya ta ce sunan tsofaffi ne, wa zai ɗora wa 'yarsa. Dariyar a fatar baki take tsayawa.

Ɗanta na fari Hashim ne, amma ba za ka ji haka a bakinta ba. "Yaron nan" take cewa, in ta matsu ta ce "na gidan Yaya". Tun yaye aka ɗauke shi aka kai wa Nana Hauwa, yayar Malam Hammadu, a Shahuci, kamar yadda aka saba yi da ɗan fari. Can ya yi wayo, can ya yi kaciya, daga can aka ɗaura masa aure. In ya zo gaisuwa yakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta amsa tana kallon bango. Ba ta taɓa yi masa kati ba, ko na sallah. Sai dai duk takardar da ta fi kyau takan ture ta gefe ta ce ta yi tsada, ba za ta yanka wa kowa ba.

Ranar da Bahijja, matar Hashim, ta haifi mace, Lauratu ta ce "Allah ya raya" ta ci gaba da tankaɗe kamar labarin maƙwabta aka kawo. Washegari sai ga Nana Hauwa ta faɗo gidan tana haki, mayafi a kafaɗa.

"Ina mai katin? Ɗana ya aiko ni. Ya ce a yi masa masu kyau, ba irin na 'yan unguwa ba."

"To, Yaya. Sunan fa?"

"Ya ce a bar gurbi, safiyar suna a cike."

Lauratu ta ajiye rariya. "A bar gurbi? Ni ba a taɓa ba ni aiki babu suna ba."

"Ni ma na tsare shi. Na ce kai, faɗa mini, ni ce fa. Wallahi yaron nan sai ya sunkuyar da kai yana sosa ƙeya kamar wanda aka kama da hannu a tukunya. Ko harafi ɗaya ya kasa."

Bayan tafiyar Nana Hauwa, Lauratu ta zauna ta yi ta juya maganar. Wane suna ne namiji baligi zai kasa furtawa, har ya sunkuyar da kai? Sunan uwa mana. Ɗan kirki ba ya kama sunan mahaifiyarsa, balle ya aika mata da shi a ce ta buga. Ta ji wani sanyi ya ratsa ta tun daga ƙirji har gwiwar da ke ciwo. Ashe yaron nan yana lura. Ashe duk shekarun da take kallon bango, shi ya san abin da ke bayan kallon.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ta yafa mayafi ta hau adaidaita sai Shahuci, rumfar Mailafiya mai sassaƙa hatimi. Tsoho ne mai tabarau ɗaure da zare, yana yanka haruffa a juye da guntun reza, baki ba ya hutawa.

"Malama ta kati! Yau wa za mu haifa?"

"Lauratu," ta ce, tana duban titi.

Ya sauke tabarau kan hanci. "Wa?"

"Ka ji ni sarai, Malam. Wasu ne a Ƙofar Dawanau."

"Ikon Allah. Na ji an yi haihuwa a nan bayanmu, gidan Nana Hauwa. Su ma 'yan Ƙofar Dawanau ne?"

"Kai dai yi aikinka. A yi masa ganye a gefe."

"Ganye? Shekara nawa kina kawo mini aiki, ba ki taɓa cewa a yi wa sunan kowa ganye ba."

"To yau na ce."

Da hatimin ya iso, ta ɗaga katifa ta zaro takardun da ta hana kowa: shuɗiya mai taurarin azurfa, da wata mai launin jinin kare da furanni ƙanana. Ta yi kwanaki tana yanka tana liƙawa. Niyyarta ta bar gurbin kamar yadda aka ce. Sai ta ce bari ta gwada a guda ɗaya, don a ga ko Mailafiya bai yi kuskure ba. Ya fito fes, ganye yana kewaye da shi. Ta gwada na biyu don a tabbatar. Kafin la'asar babu katin da ya rage da gurbi. Ta shanya su a ɗaki ta ja labule, ta zauna tana kallon sunanta jere reras a kan tabarma, abin da ba ta taɓa gani ba tun rajistar makaranta.

Safiyar suna Malam Hammadu ya dawo daga wajen raɗi da goro da dabino a aljihu, fuska washe. Ta tare shi a tsakar gida tana ƙoƙarin shirya fuskar mamaki.

"Yarinya ta ci sunan Yaya," ya ce. "Hauwa'u. Kin ga Yaya kuwa? Kuka wiwi, an rasa mai rarrashi. Yaron nan ya san alheri. Za su riƙa kiranta Ummi."

"Masha Allah," in ji Lauratu. "Ya kyauta. Allah ya raya."

Ta shiga ɗaki ta sakaya ƙofa. Lissafinta daidai ne, sunan uwa ne ya kasa furtawa. Uwar ce ba ita ba. Ta yaya zai dubi wadda ta goya shi ya kama sunanta a gabanta? Lauratu ta so ta ji haushin wani, ta duba ta rasa. Nana Hauwa ce ta yi jinyar ƙyandarsa. Ita kuwa kunyar da aka yabe ta a kai shekara da shekaru, ga ta nan ta biya ta daidai. Ta share ido da gefen zani, sannan ta tuna da abin da ya fi kuka gaggawa: ta riga malam masallaci, kuma da yamma za a raba kati.

Sabon kwali babu, lokaci babu. Ta ɗauki almakashi ta shiga yanka 'yan tsiraran takarda mai ruwan gwal, ta buga musu tsohon hatimin Hauwa'u da ke samira, ta shafa gam ta rufe sunanta ɗaya bayan ɗaya. Abin haushi, sai katin ya fi da kyau. A wajen yinin suna mata suka yi ta santi, har da masu ɓoye biyu a jaka.

Washegari da hantsi ta ji sallamar Nana Hauwa, bayanta Hashim ɗauke da ƙwaryar naman suna. Ya durƙusa a bakin ƙofa kamar kullum. Lauratu ta juya wa bango fuska, ta jawo almakashi.

Nana Hauwa ta zauna daɓas ta ciro kati daga jaka. Tsirin gwal ɗin ya ɗago yana reto, ga abin da ke ƙasa a fili, da ganyensa.

"Zafi ya dame ni jiya na yi fifita da shi, sai ga wannan. Lauratu, gam ɗinki na ƙarya ne."

"Gam ɗin yanzu duk haka yake, Yaya."

"Uhm. Wannan sunan fa?"

"Ragowar aikin wasu ne."

"Wasu 'yan Ƙofar Dawanau ko? Mailafiya yana gaishe ki."

Lauratu ta ci gaba da yanka takardar da ba ta san me za ta yi da ita ba. 

"Na nuna masa," in ji Nana Hauwa, ta nuna Hashim da haɓa. "Ni ba na iya ajiye magana, kin sani, ba irinki ba ce. Tun jiya ya kasa cin abinci. Kai, ga ta nan, yi magana."

Hashim bai ɗago ba. Ya daɗe yana murza bakin hularsa da ya cire.

"Gwaggo," ya ce a hankali, "ki ce mata ban san tana so ba. Na ɗauka ko na saka ma ba za ta iya ɗaukar yarinyar ba, don kunya."

"Kin ji," in ji Nana Hauwa.

Lauratu ta yi magana da almakashi. "Yaya, ki ce masa abin da ya yi shi ne daidai. Da ya yi wanin haka da na yi fushi."

"Ƙarya take," in ji Nana Hauwa, "amma ka ji."

"Gwaggo, ki ce mata ta ajiye hatimin. Kada ta jefar."

Almakashin ya tsaya.  Lauratu ta ɗan karkato, kaɗan dai, iyakar yadda za ta hango hannuwansa a kan hula. Manyan hannuwa ne, irin na babanta. Ba ta san yaushe suka zama haka ba.

"Yaya," ta ce, "ki ce masa roba ce, ba ƙarfe ba. In aka daɗe tsagewa take."

Nana Hauwa ta tafa hannu ta saki salati. "Jama'a ku ji mini mata! Yarinyar mutane ko arba'in ba ta yi ba, har kin fara oda? In namiji aka samu fa?"

"Sai a sake," in ji Lauratu.

Hashim ya cusa fuska cikin hula, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Nana Hauwa ta jawo ƙwaryar ta fara zaɓen tsoka, tana cewa ita dai yau takwara gare ta, wanda bai da shi ya bi layi.