Kayan Ƙarshe na Ɗan Dako

A rumfar Sharhabilu mai sayar da tsofaffin kayan inji a Zongo, wani dattijo yana tsugune gaban tarin famfunan mai, irin waɗanda ke ɗaga hannun tarakta. Sharhabilu bai san shi ba, amma ya kasa ɗauke ido. Wuyan mutumin ya nutse cikin kafaɗu, tsakar kansa ta suɗe, da gani ƙuruciyarsa a dakon kasuwar Dantokpa ta ƙare.

Yana toshe bakin famfo da babban yatsa, yana murza ƙarfen a hankali don ya ji tsotsonsa. Sai ya ture wani babban famfo gefe, ya zaɓi ƙarami.

"Baba, ai wancan ya fi ƙarfi," in ji Sharhabilu.

"Ya fi ƙarfin injina, ɗana. Injin janareta ne, babban famfon shaƙe shi zai yi."

Ya miƙo waya. Ga hoton wata 'yar tarakta da ya haɗa da hannunsa daga tarkace, bokitinta a ƙasa, famfo kawai take jira. Sharhabilu ya ƙura wa hoton ido.

Dattijon ya naɗa gammo, ya aza ƙaramin famfon a ka.

"Wannan ne kayan ƙarshe da zan ɗauka," ya ce. "Sauran na taraktar ne."