Ƙarshen da babu a littafin ɗiyata

Ɗiyata ta fari tana da ciwon sikila. Tun tana ƙarama, idan ciwon ya motsa ba ta iya fita wasa, sai littafi. Akwai wani dattijo mai shago a Sama Road da ke ba da hayar littattafan Hausa. Mahaifinta kan biya ta wurinsa ya karɓo mata idan ya taso daga Kalambaina, inda yake tuƙa motar ɗaukar dutse. Ba ta kula na soyayya. Nata su ne na yara masu shiga kogo, da garuruwan ƙarƙashin ƙasa, da tsuntsaye masu magana.

Ni ban taɓa sakin jiki da littattafan nan ba. Karatuna a firamare ya tsaya, amma abin da aka koya mini a gida na riƙe shi da hannu biyu, cewa kada in faɗi abin da ban gani ba. Ni ce wadda idan aka yi sallama aka tambayi maigida, sai na leƙa ɗaki kafin in ce yana nan, ko da yanzu na miƙa masa ruwa. Sau da yawa nakan dubi littafin a hannunta in yi ta tunanin wanda ya rubuta shi, ko me zai ce ranar da za a tambaye shi inda ya ga tsuntsu yana magana. Ban hana ta ba dai. Yarinyar da ƙasusuwanta ke mata ciwo haka, ban ga abin da zan ba ta a madadinsu ba.

Shekarar da ta shiga ƙaramar sakandare, da damina, ciwon ya kwantar da ita a asibiti. Hannuwanta suka kumbura har ba ta iya riƙe komai. Sai karatun ya dawo kaina. Ina bin layi da yatsa, ina tuntuɓe, tana gyara mini daga kwance.

Labarin wata yarinya ce da ƙanenta ya faɗa tsohuwar rijiya. Ta bi shi da fitilar ƙwai a hannu, ta tarar da gari a ƙasa, mutanensa ba su da inuwa. Ta sami ƙanen ta goya shi, tana neman hanyar fita, man fitilar yana ta raguwa, ga wani dodo yana bin sawunsu. Na juya shafi na karanta cewa fitilar ta mutu. Na sake juyawa, sai bango. An yage sauran.

Ɗiyata ta sa na ɗaga mata littafin ta ga gurbin da idonta. Daga nan ta juya fuskarta wajen gini.

“Ta mutu, Inna,” ta ce.

Na ce ba mu sani ba. Ta ce ita ta sani, wanda fitilarsa ta mutu a wuri irin wannan ba ya fita. Tun daga lokacin ta ƙi kunu, ta ƙi ruwa. Na gane ba yarinyar rijiya kaɗai take nufi ba. Nas ɗin da ke duba ta ta ja ni gefe ta ce ƙarin ruwan da ake yi mata ba zai wadatar ba, dole ta ci, ta kuma sha da bakinta, in ba haka ba jikin zai ƙara yin ƙasa.

Da safe na bar ta da mahaifinta na hau keke zuwa shagon dattijon. Ya jujjuya littafin ya yi murmushi.

“Hajiya, ɓeraye sun riga ki karantawa.”

“Baba, babu wani irinsa?”

“Shi kenan gare ni. Amma ki kwantar da hankalinki, yara ba su mutuwa cikin littahin yara.”

“Kai ka karanta ƙarshen wannan?”

“Ni hayarsu nika badawa, ba karatunsu ba.”

“To ba ka gani ba ke nan.”

Ya dube ni ta saman tabarau. “Ke dai kina da wuyar sha’ani, ɗiyata. Allah shi ba ta lahiya.”

Na koma hannu wofi. A bakin ɗakin jinya na gaya wa mahaifinta. Bai yi barcin kirki ba shi ma, idanunsa sun yi ja.

“Ki shiga ki ce mata an ce miki ta hita. Wa za shi kama ki?”

“Masu rubutu a kafaɗata, Malam.”

“To ni bari in gaya mata.”

“Ta san ba ka karanta ba. Ni za ta duba.”

Ya san gaskiya ne. Yarinyar ta tashi ta san ba na faɗin abin da ban tabbatar ba, shi ya sa maganata kaɗai za ta yi mata amfani, shi ya sa kuma na kasa furta ta. Na zauna kan benci.

A zaunen nan na tuna kakarmu a Ƙofar Marke. Mace ce mai tsoron Allah, amma ta sha ba mu labarin abubuwan da ba a taɓa yi ba, ba wanda ya ce mata maƙaryaciya. Dalili kuwa, ba ta farawa sai ta ce ga ta nan, mu amsa. Da wannan ta sanar da mu abin da ke tafe, mu kuma mun yarda. Ashe akwai ƙofar da ake bi.

Sai wata fargabar ta taso. Kakar nan ta hana mu tatsuniya da rana, ta ce mai yi yakan ɓace hanyar gida. Ga shi da yamma allurar da ake yi wa ɗiyata takan sa ta barci, ranar ce kawai nake da ita. Na san malamai sun ce camfi ne, na kuma yarda da su, amma kalmar ɓacewa a irin wannan wuri ta tsaya mini a rai. Idan mun matsa wa kakarmu da rana, takan ƙulle bakin zanenta tukuna. Na yi istigfari, na ƙulle nawa, na shiga.

Na zauna a gefen gadon na ce, “Ga ta nan, ga ta nanku.”

Can ta ce, ba tare da ta juyo ba, “Inna, da rana tsaka?”

“Ki amsa mini dai. Wannan ba daga littafi ba ne, daga wurina ne.”

“Ta zo mu ji ta.”

Ban iya ƙirƙira ba, sai na ɗauko abin da na sani. Na ce da fitilar ta mutu, yarinyar ta dafa bango da hannu tana bi a hankali, kamar yadda makahon unguwarmu ke zuwa masallaci. Ta gyara goyon ƙanenta. Tana cikin tafiya sai ta ji ƙanshin man gyaɗa, wata mai masa tana suya a can sama, ƙanshin yana saukowa ta wata kafa. Ta bi shi.

Ɗiyata ta juyo. “To ina dodon?”

Na manta da dodon sam. Na ce shi ma ya ji ƙanshin, amma ƙato ne, kafar ta yi masa kaɗan.

“Inna, ba haka aka yin labari ba. Sai ya kusa kama ta tukuna.”

“To ya kusa.”

“Ta ina?”

“Ki jiƙa maƙoshinki ki gaya mini.”

Na kai mata kofin kunu baki. Ta kurɓa sau ɗaya ta ce ta ƙafa ya kama ta, takalminta ya zame a hannunsa. Ta sake kurɓa ta ce mai masar ce ta zuro musu igiyar guga. Haka muka yi ta yi, tana faɗa ina riƙe da kofin, har yarinyar ta fito da ƙanenta a bayan wata kasuwa, ƙafa ɗaya ba takalmi, inuwarta a gefenta. Na leƙa kofin na ga gindinsa.

Na buɗe baki zan ce ƙungurus kan kusu, don ba a barin tatsuniya a buɗe, sai ta ɗora kumburarren hannunta kan nawa.

“Kada ki ruhe, Inna. Ba su kai gida ba.”

Kalmar tana kan harshena, raina bai so barinta ba. Na haɗiye ta, na miƙe na je neman ruwan zafi in dama mata wani kunun.